Takalmin Baffa da Sandar Rashidu

Sallama gare ku, masu leƙowa nan kullum ku ga ko na rubuta. Na ga saƙonninku na cewa na yi shiru kwana biyu. Gajiya ce ta kwantar da ni, in kun karanta za ku ga inda na samo ta. Ga wanda ya shigo yau, sunana Zuhura, 'yar Dakoro, ni ke gabatar da shirin gaishe-gaishe a Radiyo Gawo. In kin taɓa bugo waya ki gaida mijinki da ke ci-rani, kika zarce da lissafo danginsa har aka katse ki, to ni ce na katse ki, ki yafe mini.

Abin da ke gabana guda ne, Rashidu. Ina son shi, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Shi ma ya sa iyayensa sun nemi a ba su rana su zo gaisuwa. Mai ba da ranar kuwa shi ne Baffa Alhusaini, wan mahaifina, domin Babanmu ya rasu ina ƙaramar lakwal, wato firamare, kuma tun daga lokacin ko akuya za a sayar a gidanmu sai Baffa ya ce to.

Baffa ba mugu ba ne. Fataucin hatsi yake yi tsakanin Maraɗi da Jibiya, ya ga duniya, ba ya tambayar saurayi ɗan gidan wa ne ko me ya tara. Ladabi kawai yake dubawa, amma dubawar tasa ta fi ta likita. Saurayin farko na Raliya 'yarsa a bisa babur ya gaishe shi bai kashe inji ba, daga ranar aka rufe maganarsa. Na biyu ya yi komai daidai, ya cire takalmi tun daga bakin titi, ya durƙusa har gwiwarsa ta yi fari, sai da ya zo fita daga zaure ya juya ya ba Baffa ƙeya maimakon ya ja da baya. Raliya ta yi kuka har ta gaji. Baffa ya ce yaron da ya nuna masa ƙeya tun bai samu ba, bai san abin da zai nuna masa ba in ya samu.

Yanzu ku tambaye ni sana'ar Rashidu.

Karatun kiɗa ya yi a Yamai. Ba ya waƙa, ba ya buga komai a gaban mutane. Aikinsa ya tsaya gaban makaɗa da 'yar siririyar sanda, bai fi asuwaki biyu ba in an haɗa, yana nuna musu wa zai shiga wa zai fita. Shef ɗin orkes ake ce masa. Kuma ko'ina a duniya, in ji shi, makaɗansa shef yake fuskanta, jama'a kuwa ƙeyarsa suke kallo daga farawa har a tashi. Wato duk samarin jihar Maraɗi na tsallake, na je na zaɓo wanda sana'arsa ita ce ba manya baya.

Abin da ya kawo shi Dakoro shi ne babban aikin da direktan radiyonmu, Mushe Mamani, wato Malam Mamani a bakin Faransa, ya ɗauko bana, ya sa masa suna Bikin Murya da Tsirkiya. Za a ɗauko mawaƙan da ke cikin wayar kowa, waɗanda ba su taɓa waƙa ba sai bisa kiɗan na'ura, a tsayar da su gaban orkes ta mutane masu rai: masu goge daga Kornaka, masu gurmi da kalangu daga Ɗan Gulbi, masu jita da ƙahon ƙarfe daga Maraɗi, radiyo kuma ta watsa kai tsaye. Babbar baƙuwa ita ce Zinariya, wadda ko wurin niƙa ka je waƙarta ke tashi. Tun farkon rani Rashidu yake nan yana haɗa su. Wata rana ya shigo studiyona aron caja. Cajar dai ya mayar, hankalina ne har yau yana wurinsa.

Ana saura 'yan kwanaki bikin, na dawo gida na tarar da Inna Habi, mahaifiyata, tana dama fura a bakin madafa, wayarta bisa turmi. Ko mayafi ban cire ba ta ce in danna in ji. Muryar Baffa ce.

"Habi, ki hwaɗa ma ɗiyarki, yaron nan ban ce a'a ba, ban ce awo ba. An ce shi ke jan wasan radiyo ran Asabar. Zan zo in zamna in gane shi da idona cikin mutane. Daga nan na san abin da zan ce ma iyayenai."

Na zauna bisa bokitin da ke kife ba tare da na duba ko da ruwa a kansa ba. Akwai.

"Mi ya same ki?" in ji Inna.

"Inna, baya zai ba shi."

"Wa?"

"Rashidu. Aikin nashi ke nan."

Ta tsayar da ludayi. "Duk wasan?"

"Tun daga bisimilla har a shahwa."

"To shi bai iya kiɗanai shina kallon mutane kamar kowane makaɗi na Allah?"

Na yi mata bayani iya yina. Ta saurara, ta ɗanɗana furar, ta ƙara sukari, sannan ta ce ita dai a zamaninsu in yarinya za ta jawo wa kanta magana makaɗi sosai take kawowa, ba wanda ko ganga ba shi da ita ba. Daga nan ta ce in je in ga mijina na fari, tunda shi ma yana cikin wasan.

Mijina na fari shi ne Kaka Na'Allah, mahaifin Inna. Makiyayi ne a Ajekoriya, tsoho dogo mai rawani da ba ka ganin komai sai ido da hanci, kuma in ya busa sarewa ko raƙumi sai ya waiwayo. Tun ina goye yake kirana amarya, kamar yadda kakanni ke yi da jikoki. Da ya ji labarin Rashidu ya sa masa suna Ɗan Ƙwace, kuma a gaban dukan makaɗa yake kiransa haka.

Washegari na same su a filin gidan matasa suna gwaji. Rashidu ya jiƙe da gumi. Babbar wahalarsa ita ce tsofaffin nan kowa ya saba shi ne sarkin kiɗansa, yana farawa in ya ga dama, yana tsayawa in hannunsa ya gaji. Wata da watanni ya yi yana koya musu abu ɗaya.

"Baba, ku dube ni," yana cewa. "In na yi ƙasa kaɗan, ku rage. In kunka ga na kai ƙasa gaba ɗaya, ku yi tsit, ko tari kar a yi."

Ya gwada, ya sunkuya da hannuwa har ƙasa, suka ɗauke kamar an kashe radiyo. Sarewa kaɗai ta ƙara wani ɗan kuka siriri a baya.

"Kaka, don Allah."

"Ba ni ba ne, Ɗan Ƙwace, iska ce ta rage ciki."

Na ja Rashidu gefen gawo na faɗa masa saƙon Baffa, na haɗa masa da labarin samarin Raliya duka biyu. Ya riƙa juya sandar a hannu. Tausayinsa ya kama ni, don na ga tsoro a idonsa, kuma ban taɓa gani ba sai ranar.

"Zuhura, in ban dube su ba wasan ya watse. In na dube su, ke kin watse."

"Ban watse ba tukuna. Kujerar Baffa zan aje can ƙarshen layi, wajen bango. Kahwaɗa za ka ba shi, ba ƙeya ba. Ban taɓa jin ya kori saurayi don kahwaɗa ba."

Ashe Kaka ya biyo mu da butarsa. "Wane Baffa? Alhusaini, wanda ya zo mani roƙon Habi ma ƙanenai?"

"Shi, Kaka."

"To madalla. Na san gwiwoyinai." Ya wuce abinsa yana dariya cikin rawani, ni kuwa ban ma tsaya tunanin maganar ba, hankalina yana kan kujera.

Ranar Asabar na fito kamar ni ce Zinariyar. Shadda ruwan zuma, ɗinkin doguwar riga mai aikin zare a wuya, ɗankwali na kafa shi har sai da Inna ta ce in sunkuya a ƙofa, ga lalle baƙi da Raliya ta zana mini. Inna ba ta zo ba, ta ce ba za ta zauna cikin taro ubanta na busa bisa dandamali ba, a radiyo za ta ji. Rashidu kuwa ya bar baƙin kwat ɗin da aka ɗinka masa don wasan, ya sa kaftani fari da hula, saboda Baffa. Ya turo mini hoto da tambaya: "Na yi kama da mai ladabi?" Na mayar masa: "Ka yi kama da mai zuwa ɗaurin aure." Ya ce Allah ya sa bakina.

Bayan la'asar fili ya cika har bisa katanga. Layin gaba kujeru ne masu katifa, na manyan gari, Mushe Mamani a tsakiya. Makaɗan Maraɗi suna bisa kujeru a baya, tsofaffinmu suna gaba bisa tabarmi, don sun ce ba su iya goge a kujera. Ni ina gefen dandamali da mikro da abin kunne. Kujerar ƙarshen layi na shimfiɗa mata tsohon mayafina don kar wani ya hau, ina leƙenta kamar mai tsaron tukunya.

Aka buɗe da addu'a, babu Baffa. Mawaƙi na farko ya yi ya sauka, babu Baffa. Na fara cewa a raina ko motar hatsi ce ta lalace masa a hanya, har na ji kunyar irin daɗin da tunanin ya yi mini. Na kira Zinariya, fili ya ɗauki sowa, ta hau cikin jan leshi. Rashidu ya ɗaga sanda, goge ya shiga a hankali, kalangu ya bi, ƙaho ya amsa daga baya. Waƙar da muka ji har ta ishe mu a waya ta dawo sabuwa fil. Zinariya da kanta ta waiwaya ta dubi tsofaffin kafin ta kama baitin farko.

Ana tsakiyar baiti na biyu na hango farar babbar riga a bakin ƙofa. Baffa ne, yana tafe a natse, a ƙafarsa takalmin nan nasa na fata ɗinkin Agadas, ja da kore, wanda ba ya sawa sai Idi. Na ɗaga hannu ina nuna masa kujerar bango. Ko kallona bai yi ba, domin Mushe Mamani ya riga ni. Direktan da na roƙa tun kafin ranar ya bar mini Baffa a kujerar bango, ya ce mini ba matsala, shi ne ya miƙe da sauri ya tarbi Alhaji, ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kujerarsa ta tsakiya. Tsakanin hancin Baffa da ƙeyar Rashidu bai fi ka miƙa hannu ka taɓa ba.

Rashidu ya ji hayaniya a bayansa, ya dubi fuskata, ya gane. Abin da uwarsa ta koya masa tun yana yaro shi ya riga karatun Yamai zuwa. Ya juya, ya zame takalmi, ya durƙusa har ƙasa, hannuwa bisa gwiwa.

Orkes kuwa ta ga shef ya kai ƙasa gaba ɗaya. Wallahi tunda aka fara gwaji ba su taɓa tsayawa tare da kyau irin na ranar ba, har sarewar Kaka. Zinariya ta rage ita kaɗai tana jan "masoyina" a sama, ta ji babu kowa a ƙarƙashinta, ta saki kalmar a rabi. Cikin wannan shirun kowa ya ji muryar Rashidu.

"Barka da isowa, Baba. An zo lahiya?"

Baffa ya ce, "Lahiya lau," yana dubansa ta saman tabarau.

A kunnena mai kula da na'ura yana cewa in yi magana, babu abin da ke fita a radiyo. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. "Masu saurarenmu na Kornaka da Ɗan Gulbi da ko'ina, kar ku taɓa radiyonku, lafiyarta lau. Wannan shiru da kuke ji, a manyan wasanni shi ma cikin kiɗa yake." Allah ya yafe mini. Wayata ta yi motsi, Inna ce: "Wutar kuran ce ta ɗauke ko Alhaji ne ya iso?"

Rashidu ya miƙe, amma bai iya juyawa ba. Ya tsaya yana fuskantar Baffa, makaɗa a bayansa, ya ɗaga sanda zai ci gaba a haka, sai ya ga bakin sandar yana nuna tsakiyar goshin Baffa. Ya yi maza ya mayar da ita baya, ya riƙa kaɗa ta ta bayan kaftani kamar wutsiyar saniya. Da yake ya juya, damansa ta koma hagu. Ya kira masu goge, masu ƙaho suka amsa da duk ƙarfinsu. Ya nemi ya rage su, kalangu ya ɗauka shi ake ƙarfafawa. Mai jita ya bi Zinariya, Zinariya ta bi mai gurmi, mai gurmi kuwa ya koma wata waƙar noma da ya fi sani. Yara bisa katanga suna dariya har ɗaya ya kusa faɗowa.

Ni ban yi dariya ba. Baffa nake kallo. Na ga ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya tattara hannun riga ya ɗora a kafaɗa. Na san wannan tattarawar, ita ya yi ranar saurayin Raliya na biyu. In ya miƙe ya fita daga filin nan, maganar Rashidu ta mutu, kuma babu mai tada ta. Idona ya cika.

Sai aka ji an ƙwanƙwasa wani mikro da yatsa. Kaka ne ya jawo wanda aka kafa wa sarewarsa, ya sauke rawani daga baki. Makaɗa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Wai wancan mai hwarar riga ba Alhusaini ba ne?"

Baffa ya tsaya rabi a zaune rabi a tsaye. "Ni ne, Baba."

"Ikon Allah. Na ɗauka wani baƙo ne daga Yamai. Ina nan bisa tabarma tun la'asar, na ga mutum ya shigo ya hau kujera mai katihwa da takalminai, ko ci kanka bai ce mani ba. Na ce wanga ba cikin waɗanda na ba ɗiya yake ba."

Duk wannan a iska yake tafiya, har Ajekoriya ana ji. Ya kamata in sa a rufe mikron. Ina da hannu, ina da ido, mai na'ura yana kallona yana jiran alama. Na duba ƙasa ina gyara zobena.

Ban taɓa ganin Baffa ya yi sauri ba sai ranar. Ya zame takalmin Agadas ya bar su a bakin dandamali, ya hau da ƙafa tsirara, ya ratsa gefen Zinariya, ya durƙusa gaban Kaka. Mutumin da direbobin manyan motoci ke rawar jiki in ya yi gyaran murya. Kaka kuwa bai rage masa komai ba cikin gaisuwar: gida, iyali, kasuwa, hanyar Jibiya, ciwon ƙafar da aka ce ya yi bara. Baffa yana amsawa da "lahiya lau, Baba" kansa a ƙasa. Da aka gama ya yunƙura zai tashi.

"Ina za ka? Zamna nan kusa gare ni, in an ƙare mu yi magana." Kaka ya buga tabarma da tafin hannu, Baffa ya zauna ya naɗe ƙafafu. Sannan tsohon ya ɗaga kai. "Kai, Ɗan Ƙwace. Ga wanda kake jin kunya na kawo maka shi gabanka. Juyo ka yi aikinka, mutane na jira."

Rashidu ya juyo. Yanzu Baffa yana gabansa, ƙeyarsa kuwa ta koma ga Mushe Mamani da manyan gari, waɗanda ba su da 'yar da yake nema. Saura sanda, don ba yadda zai nuna Kaka da ita bai nuna Baffa ba. Ya dube ta, ya sunkuya ya ajiye ta a bakin dandamali kusa da takalmin Baffa, ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya ɗaga su a hankali.

Ba ni da bakin da zan faɗa muku yadda kiɗan ya tashi. Zinariya ta sake waƙar daga farko, wannan karon ba ta yi wa kowa yanga ba, ta tsaya ta bi tsofaffin. A tsakiya Rashidu ya kwantar da kowa da hannu ɗaya, ya buɗe wa Kaka ɗayan, sarewa ta fito ita kaɗai, Zinariya ta riƙa amsa mata ƙasa-ƙasa. Fili ya yi tsit, har masu sayar da ruwan sanyi suka daina kira. Inna ta turo: "Wagga busa ita ya yi ranar da anka kai ni gidan babanki." Na juya wa jama'a baya ni ma, na goge idona da bakin mayafi, kewar Babanmu ta taso mini kamar jiya ya tafi.

Da na juyo, idona ya sauka kan Baffa. Fuskarsa a ɗaure tamau, kamar an kawo masa gero mai tsakuwa. Amma babban yatsan ƙafarsa ta dama, da ya leƙo ta ƙarƙashin riga, yana ɗagawa yana sauka daidai da kalangu. Bai daina ba har aka tashi.

Kiran magariba ya watsa taron. Kafin in sauka daga dandamali Baffa ya sa takalminsa ya fita, bai ce wa kowa uffan ba. Rashidu ya zo yana dube-dube a ƙasa.

"Zuhura, kin ga sandata?"

Ban gani ba. Muka duba ƙarƙashin tabarmi, babu. Ya ce ko yara ne, na ce ko yara ne, amma ni da shi mun san ba sandar ce ke damunmu ba.

Bayan salla ina ɗaki ina cire ɗankwali na ji sallamar Baffa a tsakar gida. Inna ta shimfiɗa masa darduma ta koma bakin madafa ta zauna. Ni na manne da labule, ina numfashi ta baki don kar a ji ni.

"Habi, ubanki ya tozarta ni gaban duniya."

"Ka yi haƙuri, Alhaji, tsuhwa ce."

"Ba tsuhwa ba ce, halinai ne. Ranar da na je roƙonki ma marigayi, tun hantsi na durƙusa gabanai shina busa, bai aje sarewar ba sai da anka kira azahar. Da na tashi, sai da anka kama ni." Sannan ya dubi labule ya ce, "Ke mai laɓe, hito."

Na fito na durƙusa nesa da shi.

"Yaron naki ladabi ya yi mai yawa, har ya kusa kashe ma mutane biki. Wanga ban so shi ba, wanda anka ba aiki ba ya sakinai don ya ga babbar riga. Amma da anka ce ya juya, ya yi aikin. Na zamna kusa na gani. Tsohwahwin nan ko mai gari ba su jin maganatai, na ga suna bin tahin hannun yaro, kuma bai ɗaga ma kowa murya ba." Ya gyara zama. "Iyayenai su zo ran Juma'a."

Daɗi ya rufe ni, na dai ji bakina yana ta godiya. Inna ta sunkuyar da kai tana murmushi cikin mayafi.

"Ban ƙare ba," in ji Baffa. "Kamin Juma'a ya tahi Ajekoriya ya roƙi tsoho, tunda shi ke cewa matatai ce. Shi ɗai zai je, ba rakiya. Ni na durƙusa ma sarewar nan sau biyu, ɗaya don ƙanena, ɗaya yau. Na ukun ba nawa ba ne."

Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro 'yar sandar Rashidu, ya ajiye ta bisa darduma a gabana.

"Ki mayar mai. Ki ce na ga shina tsai da mutane da ita. In ya isa ya tsai da wancan."

Da na faɗa wa Rashidu ta waya, ya yi hamdala ta fi a ƙirga, sannan ya ce, "Busar tashi tana daɗewa?" Na tambayi Inna. Ta ce in gaya masa ya ci tuwo da safe ya ƙoshi, kuma ya ɗaura tsumma a gwiwa ta cikin wando, ba mai gani.

Yau da sassafe ya hau kabu-kabu ya tafi. An yi azahar, ina ta kira ba a ɗauka. Ɗazu ina cikin rubuta muku wannan saƙon murya ya shigo daga wayarsa, da alama daga cikin aljihu ya danna. Babu magana ko ɗaya a ciki. Sarewa ce kawai tana tafiya a natse, babu alamar gajiya tare da ita, sai can ƙasa-ƙasa nishin mutum yana sauya gwiwa.